Mu da Jiran Krrish na Huɗu

Jama'a, tunda mu ya mu ne, a bar ɓoye-ɓoye: a cikinmu babu wanda bai taɓa cewa ƙaryar 'yan Indiya ta yi yawa ba, kuma babu wanda ƙaryar nan ta taɓa tayar da shi daga gaban talabijin. Mutum zai ga jarumi ya daka tsalle daga wannan bene zuwa wancan, ya tallafe tayar jirgin sama har jirgin ya sauka lafiya, sai ya buga cinya ya ce, "Kai, wannan ai rainin hankali ne!" Sannan ya gyara zama ya ce wa yaro ya ƙaro murya. To wannan mutumin, wato ni da kai da maƙwabcinka na jikin katanga, shi ne ya shafe fiye da shekara goma yana jiran Krrish na huɗu. Tun farkon Nuwamban 2013 da na uku ya fito muke baza kunne. Jariran da aka raɗa wa suna a waccan shekarar yanzu sun shiga sakandare, 'yan matan da suka kalle shi a ɗakin iyayensu sun zama masu raka nasu yaran Islamiyya, mu kuwa muna nan daram. Mako ɗaya in aka tsallake ba a saki Labarina ko Izzar So ba sai mu cika gari da ƙorafi, amma Ba'indiye ya ja mana rai shekara da shekaru, muna ba juna baki cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romo.

Tun daga lissafin ma ba mu daidaita ba. Je ka kowace majalisa ka ce Krrish na huɗu, sai wani ya ɗaga hannu ya ce a dakata tukuna, ina na biyun? Ya ga Krrish, ya ga Krrish 3, to wa ya cinye na tsakiya? Akwai waɗanda suka yi ta zarya shagunan masu tura fina-finai suna neman Krrish 2, akwai ma wanda zai rantse maka ya kalle shi a gidan yayansa a Zariya, har ya fara ba ka labarin yadda aka kashe bos. Alhali abin a fili yake. Rakesh Roshan, daraktan fina-finan, ya ɗauki Koi... Mil Gaya na 2003 a matsayin na ɗaya, Krrish na 2006 ya zama na biyu, shi ya sa na 2013 ya zo da lamba uku. Sau nawa aka yi wannan bayanin a teburin mai shayi? Kowa ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya gane. Bayan wata biyu a sake tayar da musun daga tushe, domin musun ya fi amsar daɗi, kuma shi kansa mai shayin ba ya son a watse da wuri.

Kada kuma wani ya ce abin na yara ne. Son fim ɗin Indiya gadonsa muka yi. Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan suka fara kawo su gidajen silima na Arewa, iyayenmu suka yi ta bin layi a Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado a Kano, suka raɗa wa jarumai sunayen da su jaruman ba su taɓa ji ba, har gobe Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin ne a bakinmu. Saboda haka da Koi... Mil Gaya ya iso, tabarma ɗaya ta ɗauke gida gaba ɗaya. Yara sun zo don Jadoo, ɗan halittar nan shuɗi mai manyan idanu wanda 'yan'uwansa suka tafi sama suka bar shi a duniya, wanda ba ya samun ƙarfi sai ya sha rana. Samari sun zo don rawar Hrithik Roshan, 'yan mata sun zo don Preity Zinta. Iyaye mata kuwa, masu cewa su ba ruwansu da shirme, Rekha ce ta zaunar da su, don sun san ta tun lokacin da kada ya ɓata mata fuska a Khoon Bhari Maang, wanda shi ma Rakesh Roshan ɗin ne ya ba da umarninsa a 1988. Baba zai shigo ya ce a kashe kayan banzan nan a tashi a yi karatu, sai ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya wai yana jiran a kashe, a haka har a kai wurin wasan ƙwallon kwando. Washegari da safe shi ne zai tambaya ko 'yan sanda sun kama ɗan aljanin.

Muna kuma da wata ɗabi'a da babu mai jin kunyarta, wato mu yi ta neman tsari muna ci gaba da kallo. A Krrish, da Naseeruddin Shah ya fito a matsayin Dakta Arya mai kwamfutar da ke nuna abin da zai faru nan gaba, ɗaki gaba ɗaya ya ɗauka, "Gaibu sai Allah!" Gaskiya ne, kuma duk mun yi imani da haka, amma ba wanda ya ƙifta ido sai da muka ga ko abin da na'urar ta nuna zai tabbata. A na uku, da Kaal, bos ɗin fim ɗin, ya riƙa gauraya mutum da dabba, ga mai harshen kwaɗo, ga Kaya mai rikiɗar hawainiya, kowa na cewa a'uzubillahi. Da Rohit, mahaifin Krrish, ya tara hasken rana ya dawo da ɗansa bayan ɗan ya mutu, Hajiya ta ce rai a hannun Allah yake, wannan saɓo ne, tana faɗa tana share hawaye da gefen mayafi saboda tsohon ya ba da ransa. Sai ga shekarar 2020 ta zo da korona. Waɗanda suka fi kowa kiran fim ɗin shirme su ne suka fi kowa ɗaga murya: "Ai tun 2013 'yan Indiya suka faɗa! Ba ku ga Kaal ya saki cuta a Namibiya ba, ya dawo ya sake ta a Mumbai, don ya sayar da magani?" Shirmen jiya ya zama hujjar yau, kuma ba wanda ya tuna musu abin da suka ce a baya, don kowa yana da irin nasa.

Su ma masu fim ɗin ba su bar mu mun huta ba. A 2016 aka ce na huɗu zai fito Kirsimetin 2018. Muka ƙirga da yatsu muka ce kamar gobe ne. Da 2018 ta kama, Rakesh Roshan ya sake sanarwa cewa sai Kirsimetin 2020. A farkon 2019 Hrithik ya shaida wa duniya cewa mahaifinsa Rakesh na fama da ciwon daji a maƙogwaro, a nan kam muka ajiye ƙorafi muka yi masa fatan samun lafiya, don ciwo ya fi gaban wasa. Ya samu sauƙi, annoba ta rufe duniya. Muna zaune Hrithik ya yi War, ya yi Vikram Vedha, ya yi Fighter, kowanne muka kalla muka yaba, muka kuma ce to amma ina namu? Sai a watan Maris na 2025 aka ji cewa Hrithik da kansa ne zai ba da umarni, karo na farko a rayuwarsa, tare da kamfanin Yash Raj Films na Aditya Chopra. Ranar majalisu sun yi armashi. Ɓangare guda ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yaron da ya tashi a gidan fim, kakansa da ƙanin mahaifinsa Rajesh Roshan duk masu kiɗa, me zai gagare shi? Ɗaya ɓangaren ya ce iya rawa daban, riƙe ragamar fim daban, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne, an sha yi mana sanarwa.

A tsakanin waɗannan shekaru kuwa, tallar fim ɗin ta bogi nawa muka kalla, Allah kaɗai ya sani. Wani ɗan saurayi zai zauna a ɗakinsa ya yanko fuskar Hrithik daga wani fim, ya liƙa masa baƙar riga, ya haɗa da fashewar gidaje daga fim ɗin Amurka, yanzu ma ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa musu aikin, ya ɗora a YouTube ya rubuta cewa ga shi ya fito. Mu ƙona data mu kalla, mu tura wa dangi a WhatsApp da "Alhamdulillah, an kusa". Wanda ya fi wayo a cikinmu ya ce na bogi ne, amma sai da ya kalla har ƙarshe kafin ya faɗa, kuma in wani ya fito jibi shi ne zai fara buɗewa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, to wannan ramin dai mu ne muke ƙara masa zurfi da hannunmu, muna dariya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, fim ɗin da ba a nuna mana ko minti ɗaya daga cikinsa ba, mu mun riga mun rubuta shi mun gama. Kowace unguwa da nata labarin. Akwai 'yan a-dawo-da-Jadoo, kuma su ne masu rinjaye, cewa suke tun 2003 yaron nan ya tafi bai ko leƙo ya ga jikan abokinsa ba, wannan ba zumunci ba ne. Akwai masu cewa Rohit bai mutu ba, tunda ba mu ga gawa ba, haske kawai ya zama, kuma mutumin da aka taɓa cewa ya mutu a Singafo aka same shi a raye bayan shekara ashirin a tsare, me zai hana a sake? Akwai masu jiran jaririn da Priya, matar Krrish, ta haifa a ƙarshen na uku, wanda aka mayar wa sunan kakansa, sun ce yanzu ya isa ya karɓi aiki. Mata sun kasu biyu kan Priyanka Chopra mai fitowa a matsayin Priya: wasu sun ce tunda ta yi aure ta koma Amurka a nemo wata, wasu sun ce uwargida ba a sauya ta da rana tsaka. Sai masu lissafin shekaru, su tuna maka cewa an haifi Hrithik a Janairun 1974, ya haura hamsin, gwiwa ba za ta ɗauki tsallen da ba. Nan take wani ya ce Rajinikanth fa, da ya yi 2.0 a 2018 yana dab da saba'in? Da tsohuwar zuma ake magani. Kowa yana magana da tabbaci sai ka ce daren jiya suka ci tuwo da darakta.

Akwai kuma musun cindo, wanda ba ya tsufa. Kowa ya san Hrithik yana da ƙarin babban yatsa a hannun dama, har an yi wa Jadoo irinsa don Rohit ya gan shi ya saki jiki da shi. To ta yaya, in ji masu bin diddigi, mutum zai rufe rabin fuska da ɗan fasasshen abin rufe fuska da ya tsinta a gobarar gidan wasa, ga tsawonsa, ga idanunsa, ga cindonsa a waje, a ce duk Mumbai ba wanda ya gane shi? A unguwarmu ko daga takunka a soro an san kai ne. Wannan maganar takan ci rabin dare, kuma ba a taɓa samun wanda ta hana shi sake kallon fim ɗin ba.

In an gaji da wannan sai a koma kan sata. Ɗan boko zai gyara tabarau ya ce Koi... Mil Gaya ai E.T. ne na Steven Spielberg na 1982 aka sa wa waƙa da rawa. Wanda ya fi shi karatu ya ce ya bi a hankali, tun 1967 Satyajit Ray, babban daraktan nan na Bengal, ya rubuta labarin wani baƙo daga sama da ya yi abota da yaron ƙauye, rubutun ya yi yawo a Hollywood ba a yi fim ɗin ba, kuma Ray ya rasu yana ganin an tsakuri nasa, duk da Spielberg ya musanta. Ana cikin haka sai wani daga gefe ya ce, to mu fa, fina-finanmu na Kano daga ina muka koyo bin juna a lambu ana waƙa? Sai a yi dariya a tafa, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Babban abin mamakinmu yana wajen kuɗi. Mu ne kan gaba wajen gindaya sharuɗɗa. Dole na huɗu ya kere Avengers, dole a ga duniyar su Jadoo da idonmu, kada a sake yi mana rigar ƙarfen Kaal da ta yi kama da ta gwangwani, ga Kalki 2898 AD ya fito a 2024 ya nuna 'yan Indiya ma sun iya. Rakesh Roshan ya sha faɗa a hirarraki cewa tsadar aikin ce babbar abin da ya riƙe shi, don yaran yanzu sun ga na Amurka, ba za su karɓi abin da bai kai ba. Mu kuwa masu sharuɗɗan, mutum nawa ne a cikinmu zai yanki tikiti? In fim ɗin ya fito, yawancinmu shagon mai turawa za mu nufa da memori a hannu, mu biya abin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba, a zuba mana wanda aka ɗauka da waya a cikin silima, kawunan 'yan kallo na gilmawa, wani na tari a gefe. Mu taru mu biyar a kan waya mai tsagaggen gilashi, caji saura kaɗan, an ɗauke wuta, sannan mu yanke hukunci cewa hoton bai fita ba, 'yan Indiya sun yi ha'inci.

Kai, ko ya fito a Mumbai ma, a wajen da yawa daga cikinmu bai fito ba sai ranar da aka ji fassarar Hausa ta sauka. Tun da su Algaita suka buɗe wannan ƙofa a Kano, jira ya zama hawa biyu: a jira Indiya, sannan a jira masu fassara. Dattawan da suka koyi Indiyanci a kujerun silima suna ganin fassara ta lalata yara, su a zamaninsu da kunne suke kamawa. Amma ka lura da su in an sa, su ne suka fi kowa ƙyaƙyatawa idan bos ya buɗe baki ya yi zagi irin na 'yan tasha. Tuni ma an fara tunanin da wace murya Jadoo zai yi magana, da wane suna za a laƙaba wa sabon bos, tun kafin a san wane ne.

Ni dai in za a ji tawa, kuma da gaske nake, ba tsalle muke jira ba, ko da bakinmu ya ce shi ne. Tsalle mun gan shi iri-iri, wanda ya fi na Krrish nesa ba kusa ba. Abin da ya kama mu tun farko shi ne Rohit, ƙaton saurayi mai hankalin yara da ke zaune a aji ɗaya da ƙanana, malami ya ci masa fuska a gaban kowa, 'yan iskan gari suka farfasa masa ɗan kekensa, ya koma gida yana tambayar abin da ya yi musu. Kowace unguwa tana da Rohit ɗinta, mun san shi, mun san mahaifiyarsa, wasunmu ma suna cikin masu tsokanarsa a hanya. Da Jadoo ya taɓa shi ya warke, ya amsa lissafin da ya gagari kowa, murnar da muka yi ta uwar ce da ta sha wahala ita kaɗai tun ranar da haɗarin mota ya ɗauke mata miji tana da ciki. Na biyu ya riƙe wannan zaren, kaka tana ɓoye jikanta a ƙauyen kan duwatsu don tsoron kada duniya ta cinye shi yadda ta cinye ubansa. Na uku ne ya fara sakin sa, aka rage zaman gida aka ƙara rushe-rushen gine-gine, shi ya sa mun fi tuna kayan faɗansa fiye da maganganunsa. Fim ɗin da aka cika wa dabarun kwamfuta aka manta da zuciya shayi ne da aka lafta wa madara da sukari aka manta ganyen. Idan Hrithik ya biye wa surutunmu ya tafi gasa da Amurka, zai kashe dukiya ya zo na biyu. Idan ya tuna yaron nan da uwarsa, ko a tsagaggiyar waya muka kalla sai ya taɓa mu. A cikin rigar Jadoo ma ai mutum ne, Indravadan Purohit, wanda ya rasu a 2014, kuma motsin kansa da lumshe idon nan sun yi aikin da na'ura ba ta yi ba a na uku.

Saura matsala guda da ya kamata mu kashe tun yanzu, ta masu bakin ba da labari. Mun san halinmu. Wanda ya riga kowa kallo ba ya iya barci sai ya amayar, zai zo majalisa yana murmushi ya ce shi ba zai faɗi komai ba, "amma dai ku lura da mutumin da zai shigo da farar riga", kafin a ankara ya kai ƙarshe har da wanda ya mutu. A ɗakin kallo ma haka, yana bayanka yana cewa "yanzu zai juyo, kalli, kalli". Kuma mu da muke cewa ya yi shiru, mu ne muke jan sa gefe mu ce, "Don Allah Malam, abu ɗaya kawai, ya dawo ko bai dawo ba?" Saboda haka a majalisarmu an riga an yanke, kowa ya shaida: duk wanda ya faɗi ko Jadoo ya dawo kafin kowa ya gani da idonsa, shi zai biya shayin jama'a na mako guda, da ƙwai. Wanda ya tambaya kuma shi zai sayi burodin.